Gurbin Petagaye

Ranar da na sauka a kwalejin, da jaka ɗaya da buhun doyar da kakata ta ɗora mini dole, aka tara mu sababbin 'yan wasa a bakin fili aka raba mu. Haka ake yi kowace shekara. Duk 'yar shekarar farko ana haɗa ta da 'yar shekarar ƙarshe ta zama yayarta. Ita ke tashinta atisayen safe, ita ke nuna mata ajujuwa, ita ke sa mata ido a kan karatu, don wadda ta faɗi jarrabawa ta yi sallama da fili. Ni aka haɗa ni da Petagaye Lindo, wata gajeriya mai kaurin cinya da wushirya.

Ta dube ni, ta dubi buhun.

"Daga ina?"

"Trelawny."

"Garin masu doya. Ai ba sai kin faɗa ba, buhun ya riga ki magana. Ɗauko kayanki mu tafi, Doya."

Sunana Oneika, amma daga ranar har na gama makarantar ban sake jin sunan a bakin kowa ba sai malaman aji. Na ji haushi ƙwarai, don ni ba a taɓa ni in yi shiru. Na ce mata gara doya da gajeren turmi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce za mu shirya.

Mun kuwa shirya. Yaya Peta ba ta da wasa a kan aikin nan. Ita ta hana ni cin soyayyen abu kafin atisaye, ita ta ja ni wurin malamin lissafi da na fara ɓuya, ita ta zauna da ni a kan dakali ranar da kewar gida ta sa ni kuka, tana ɓare mini lemo. Wasu yayyen sunan kawai suka amsa, ba su san ko ɗakin ƙannensu ba. Ni tawa har ƙumbar ƙafata takan duba.

Gab da Kirsimeti aka kawo mata durom cike da kaya daga Amurka. Ta kira ni muka buɗe tare: shinkafa, man girki, sabulai, madarar gari, sai riguna da takalma a ƙasa. Ta ɗaga wata riga mai furanni ta kara a ƙirjinta. Ko 'yar firamare sai ta matse kafin ta shiga.

"Kullum haka take," in ji ta. "Ko ta aiko ƙarama ko ta aiko buhu. Ba ta san girmana ba."

A nan ta ba ni labarin. Uwarta, Mis Delrose, ta tafi Amurka aikin kula da tsofaffi tun Peta tana 'yar shekara tara. Takardunta sun ƙare a can, in ta fito ba ta komawa, don haka ba ta taɓa zuwa gida ba. Peta ta nemi biza sau biyu an hana ta. Abin da ya rage tsakaninsu sai durom da wayar ranar Lahadi, kuma zamanin ba a ganin fuska a waya. Hanya ɗaya ce ta rage mata. Duk watan Afrilu akan yi babbar gasar gudun miƙa sanda a Filadelfiya, can Amurka, kuma wadda ke cikin tawagar kwaleji tana samun biza ba wahala. Kwalejinmu mata huɗu kacal take iya kaiwa. Shekararta ta farko ba a ɗauke ta ba, ta biyu naman cinyarta ya yage, ta uku ba a je ba sam. Bana ita ce ta uku a jerin huɗun, mai gudun kwana, wato inda hanyar gudu ta lanƙwasa, kuma bana ce ta ƙarshe.

"Na riga na gaya mata inda za ta zauna," ta ce, tana ninke rigar. "Daidai kwana. Na ce ta nemi mai ribon rawaya a ka."

Ni a lokacin tawa damuwar ta ishe ni. Gudu dai na iya, ba yabon kai ba, musamman a kwana. Amma makarantar da na fito ƙarama ce, ba a taɓa samun mata huɗu masu gudu a lokaci guda ba, don haka ban taɓa karɓar sanda a hannun kowa ba. Ƙa'idar kuwa ita ce, in mai kawo sanda ta taka alamarki sai ki fita da gudu, ido a gaba, ba waiwaye. In ta yi ihu "Hannu", ki miƙa hannu baya ki buɗe tafi, ita za ta cusa miki. Ni ko da na ji taku a bayana sai wuyana ya juya da kansa. Ina juyawa gudu ya mutu, kafaɗa ta karkace, sanda ta faɗi.

Koci Bramwell, wani dattijo mai agogo rataye a wuya, ya gaji da ni. Ya ce, "Ƙafa kina da ita, hannu ne Allah bai ba ki ba. Je ki can gefe."

Yaya Peta ta ce ita ba ta yarda ba. Daga ranar ta kafa mini doka: duk inda za mu, ni ce a gaba, ita a baya. Hanyar ɗakin cin abinci, hanyar aji, hanyar coci, har kasuwa. Muna cikin tafiya ana hira sai kawai in ji "Hannu". In na miƙa ban juya ba, sai in ji an cusa mini mangwaro, ko alewa, ko mataji. In na juya, ranƙwashi. Wata rana na juya sau uku a jere, da na miƙa na huɗu sai na ji abu mai sanyi yana motsi a tafina. Kwaɗo ne. Na zunduma ihu na yi jifa da shi, na zage ta tas tun daga kakanninta, ita kuwa tana tsugune tana hawayen dariya.

Mutane suka mai da mu abin kallo. Samari in sun hango ni sai su yi ta "Hannu, Doya", ni kuma hannun sai ya tafi baya kafin in tuna. Amma abin ya yi aiki. Kafin ƙarshen Janairu ina karɓar sanda da cikakken gudu, ko ƙiftawa ba na yi. Koci ya fara tsayawa yana kallona, yana danna agogonsa.

Tashoya ce ta fasa ƙwan. Ita ce ta biyu a jerin, doguwa mai baki kamar reza, ita ke miƙa wa mai gudun kwana. Muna cin dafaffiyar ayaba da kifin gishiri ta nuna ni da cokali.

"Peta, ni fa ban gane miki ba. Kin san gurbin wa kike gyara wa yarinyar nan hannu?"

"Ci abincinki."

"Ta farko ba mai taɓa ta a fita. Ta ƙarshe ita ce ta ƙarshe. Ni kuma sai dai in na mutu. Saura wa?"

Peta ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsince ƙayar kifi. Wallahi sai a lokacin na lissafa. Wata da watanni ina murnar hannuna ya gyaru, ban taɓa tambayar kaina inda za a sa ni ba. Ita ta sani tun ranar da ta fara sa ni a gaba.

Washegari sanda ta faɗi a hannuna. Ranar da ta biyo ma ta faɗi, sau biyu. Koci ya cire hula ya sosa kai. Tashoya ta ce doya dai doya ce. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, a raina ina cewa shi ke nan, an huta.

Ana tashi daga atisaye Peta ta kama gefen rigata ta ja ni bayan tankin ruwa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ni za ki yi wa wayo? Kin ɗauka ban san hannun nan ba? Kina buɗe shi daidai yadda na koya miki, sai sanda ta taɓa ki saki babban yatsa. Ina kallonki."

"Zamewa take yi."

"Ƙarya kike."

Can na ce, "Yaya, uwarki fa."

"Uwata ce, ba taki ba."

"Ni ina da shekara uku a gaba. Ke ba ki da ko ɗaya."

"Wa ya gaya miki kina da su? Koci ya rubuta ki a marasa hannu, baɗi a kawo wata, ki koma Trelawny kina tallar doya a bakin titi. An ba ni ke ne in gyara, ba in ɓata ba." Ta jingina da tankin, ta share gumi da bayan hannu. "Kada ki ɗauka ni waliyiya ce. Da safe in na zo tashinki, nakan tsaya a bakin ƙofa in ce bari in ƙyale ta ta makara. In na ga kin karɓi sanda tsaf, sai in ji na tsane ki, sai kuma in ji daɗi, duka a lokaci guda. Ni kaɗai na san abin da nake ji. To kada ki ƙara mini da tausayi. In zan je, in je da ƙafata. In kika sake sakin yatsan nan, ba ni ba ke."

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta ce in wuce gaba mu tafi, kuma a hanya ta ce "Hannu" ta cusa mini ƙwallon mangwaron da ta tsotse.

A watan Maris Koci ya ce zai gwada mu biyun. Kowacce za ta karɓa a hannun Tashoya ta zagaye kwana, agogo ya raba gardama. Peta ce ta fara. Ta yi gudun da ban taɓa ganin ta yi ba, haƙora a cije, duk da na san cinyar nan tana ja mata.

A kwalejinmu yaya ce ke sa wa ƙanwa alama a duk gudun da ya zama na gaske. Tana aunawa da tafin ƙafarta, dunduniya a kan yatsa, ta liƙa farin salatif inda mai kawo sanda za ta taka. Na zaci ranar za a bar wa wata. Sai ga Peta ta dawo tana haki, ko ruwa ba ta sha ba, ta fara aunawa. In da ta ƙara ko ta rage tafi ɗaya, da na fita da wuri ko a makare, kuma ba mai ganewa. Ta auna, ta koma ta sake aunawa, ta durƙusa ta danne salatif ɗin da babban yatsa har ya kwanta.

Na tsaya a wurina da niyyar in sassauta a tsakiyar kwana, kaɗan dai, yadda ba za ta gane ba. Tashoya ta taka alama na fita. Na ji "Hannu", hannu ya tafi, sanda ta zauna. Sai na ji muryar Peta daga cikin ciyawa tana bina: "Ɗaga gwiwa, Doya, ɗaga gwiwa, ina ganinki." Wata shida jikina yana bin muryar nan kafin kaina ya yi tunani. Ban sassauta ba.

Koci ya daɗe yana kallon agogonsa. Bai dubi Peta ba, ya ce in kawo fasfo ranar Litinin. Na bi shi har mota ina roƙo a ƙara mutum ɗaya, ko a matsayin mai riƙe jaka. Ya ce kujera huɗu aka ba shi, kuma ba shi ya zaɓa ba, agogo ne. Na gaya masa maganar da bai kamata ɗaliba ta gaya wa koci ba. Ya ƙyale ni, ya ja motarsa.

Ranar Lahadi da la'asar ina ɗakin Peta wayar ta shigo. Na tashi zan fita ta riƙe ni. Ina jin muryar Mis Delrose ƙasa-ƙasa, tana zuba ba numfashi. Ta samu wadda za ta zauna mata da tsohuwar da take kula da ita ranar gasar. Ta san motar da za ta hau. Za ta dafa shinkafa da wake da kaza tun asuba. Ta sayi rigar sanyi, don Afrilun can ba irin namu ba ne.

"Mama," in ji Peta. "Mama, tsaya ki ji."

Muryar ta tsaya. Peta ta buɗe baki, ta dubi bango, ta dube ni.

"Ki sa yaji da yawa a kazar," ta ce.

Da ta ajiye wayar ta kwanta ta juya mini baya. Lahadi biyu suka sake wucewa, duk haka, ba ta gaya mata ba.

Safiyar da za mu tafi ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso. Tana ja da ƙarfi kamar mai huce haushi. Da ta gama na ji tana ɗaura wani abu a ƙarshen kitson. Na shafa, na gane ribon rawayan nan ne.

"Yaya, a'a."

"Ki bari Mama ta ga gudun tukuna. Shekara da shekaru tana ba mutane labarin 'yarta mai gudu, ba ta taɓa gani ba. In kin gama sai ki gaya mata. Ki ce na so in faɗa, bakina ne ya ƙi."

"Yaudara ce fa."

"Na sani. Minti ɗaya ne. Ki ba ta shi."

Ta miƙo mini naɗin salatif ɗinta, ta ce in auna sau biyu. Ba ta raka mu filin jirgi ba, ta ce tana da aji.

Filadelfiya sanyi kamar a cire wa mutum kunne. Amma filin cike yake da mutanenmu, tutoci ko'ina, mata suna buga murafen tukwane, ƙamshin gasasshiyar kaza yana tasowa daga waje. Aka kira rukuninmu. Na je kwana na auna alamata da kaina, karo na farko. Na tsaya na ba 'yan kallo baya.

Duk da hayaniyar nan na ji ta. Murya ce ta mace, ta dishe don ihu, daga sama ta hannun dama.

"Peta! Peta, ga ni nan! Ga Mama!"

Wuyana ya so juyawa. Na ƙura wa farin salatif ido har ya fara rawa saboda hawaye. Bindiga ta tashi, ta farko ta miƙa wa Tashoya, Tashoya ta taho ta taka alama, na fita. Sanda ta zauna a tafina. Duk tsawon kwanar muryar tana bina da sunan da ba nawa ba, tana cewa 'yarta ce, ku duba, 'yarta ce waccan. Na yi gudun da ban sake yin irinsa ba har na bar wasa. Na biyu muka zo, ko na uku, sai in duba hoto in tuna.

A bakin ƙofar da 'yan wasa ke fita na same ta. Ba sai an nuna mini ba, gajeriya ce mai wushirya, da tabarau, da kwano naɗe cikin tawul a hannu ɗaya, rigar sanyi ja a ɗayan. Ta hango ribon ɗin ta taho da sauri tana ture mutane, tana dariya tana kuka. Saura kaɗan ta iso sai tafiyar ta ragu. Ta ɗaga kai, don na fi ta tsawo nesa. Ta dubi fuskata, ta dubi ribon, ta sake duban fuskata.

"Sannu, Mama," na ce. "Sunana Oneika. Ƙanwar Peta ce ni a makaranta."

Ta leƙa ta gefen kafaɗata, ta ɗaga dunduniya tana duba 'yan matan da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Tana baya ne?"

Ni da na san ba kowa, sai da na waiwaya na duba tare da ita. Muka tsaya muna kallon ƙofar har ta ƙarshe ta fito.

Sannan na gaya mata. Na faɗi komai, da kwaɗon, da tankin ruwa, da yadda aka auna mini alama sau biyu. Na ce ni na karɓe gurbin, kuma 'yarta ce ta koya mini yadda zan karɓe shi. Na ce ta yafe mini. Tana ta gyaɗa kai a hankali, kwanon yana rungume a ƙirjinta.

"Ta yi ƙiba ko ta rame?" ta tambaya.

"Tana nan daidai, Mama."

"Tana cin abinci?"

"Tana ci."

Ni kuma daga ni sai 'yar rigar gudu, haƙorana suna haɗuwa. Ta lura. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta warware jar rigar, ta zagaya bayana.

"Miƙo hannu," ta ce. "Sanyi zai kama ki."

Na miƙa baya ta zura mini. Kafaɗar ta matse ni, hannun rigar bai kai wuyan hannuna ba. Ta yi ta jan sa ƙasa ya ƙi zuwa. Wannan karon ta canka daidai. Da Peta ce, da ta zauna mata cif.